Garkuwar da ke tsare mu daga sanƙarau ce ake tuhuma da ɓarna a ƙwaƙwalwa

A watan Yunin 2024 wani kamfanin haɗa magunguna na jahar Kalifoniya ta Amurka mai suna Annexon ya bayyana sakamakon gwajin da ya yi a kan majinyata 241 a ƙasashen Bangaladash da Filifin. Mutanen suna fama da cutar Guillain-Barré, wadda a cikinta garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jijiyoyin mai ita: ƙafafu su mutu, hannuwa su bi, wani lokaci numfashi ma ya gagara sai da na'ura. An yi wa wasunsu ƙarin ruwa sau ɗaya tak da wani magani mai toshe furotin ɗin garkuwar jiki da ake kira C1q. Kamfanin ya ce waɗanda suka samu maganin a ma'aunin da ya yi aiki sun riga sauran miƙewa da tafiya da ƙafafunsu da kimanin wata guda.

Labarin bai yi wani tashe a kafofinmu ba, kuma ba abin mamaki ba ne. Amma masu bin harkar ƙwaƙwalwa sun tsaya a kansa, domin C1q ɗin nan da ƴan uwansa su ne masana suka shafe kusan shekara 20 suna tuhuma da hannu a cututtuka biyu da suka fi Guillain-Barré yawa nesa ba kusa ba: taɓin hankalin da ke kama matasa, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, da cutar mantuwa ta tsofaffi, wato Alzheimer. Idan ana iya toshe furotin ɗin a jikin mutum ya samu sauƙi, to ƙofar da aka daɗe ana bugawa ta fara motsi.

Mu da ke zaune daga Dosso zuwa Diffa muna da wani dalili na daban na sa ido. Zuriyar sinadaran da ake son kashe wa kaifi ita ce dai ke tsaye tsakaninmu da sanƙarau.

Runduna ce, ba soja ɗaya ba

A tsakiyar shekarun 1890 wani matashin likita ɗan Beljiyam, Jules Bordet, yana aiki a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, ya lura cewa ruwan jini na kashe ƙwayoyin cuta, amma da zarar an ɗumama shi sai wannan ƙarfi ya ɓace. Ya gane akwai wani abu a jinin da zafi ke lalatawa, wanda ke kammala aikin da sauran makaman garkuwa suka fara. Shi ya sa aka raɗa masa suna mai ma'anar ciko. Aikin ya sama wa Bordet kyautar Nobel ta 1919.

Yau an san cewa sinadaran cikon nan sun haura 30, hanta ce ke sarrafa galibinsu, kuma aikinsu bi-da-bi ne kamar masu miƙa bulo a wurin gini. C1q ne ke fara manne wa abin da jiki ya gane baƙo ne. Shi zai tayar da C4, daga nan a kai ga C3, wanda ke shafe jikin ƙwayar cutar da alama yadda ƙwayoyin jini masu haɗiye datti za su gan ta su cinye. A can ƙarshen layi akwai C5 zuwa C9, waɗanda ke haɗuwa su huda jikin ƙwayar cutar ta fashe. A riƙe wannan tsari, na farko masu sa alama, na ƙarshe masu huda, domin a kansa duk rigimar take.

Tsawon kusan ƙarni guda ana karantar da ɗaliban likitanci cewa wannan harka ta jini ce, ƙwaƙwalwa kuwa tana killace a bayan wani shinge da ke hana yawancin abubuwan da ke jini shiga cikinta. A 2007 ne wata mai bincike, Beth Stevens, da malaminta Ben Barres na jami'ar Stanford suka wallafa a mujallar Cell cewa sun iske C1q da C3 a ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye masu ƙoshin lafiya, babu wata ƙwayar cuta a kusa. Ƙwaƙwalwar da kanta take sarrafa su. Tambayar ita ce: me suke yi a can?

Duk wanda ya taɓa shukar gero ya san amsar ta wata fuska. Ana zuba iri da yawa a rami guda, su tsiro cunkus, sannan bayan ƴan makonni manomi ya bi ya cire raunana ya bar uku ko huɗu masu ƙarfi. Wanda ya ƙi ragewa don tausayin tsiro zai ga kara, ba zai ga zangarniya ba. Haka ƙwaƙwalwa take yi. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana magana da dubban ƴan uwanta ta wasu ƙananan mahaɗai. Jariri na ƙera mahaɗan nan fiye da buƙatarsa. Tun 1979 wani likitan yara a Shikago, Peter Huttenlocher, ya ƙirga su a ƙwaƙwalen mamata masu shekaru daban-daban, ya nuna suna kai ƙololuwa a farkon ƙuruciya sannan su yi ta raguwa har balaga. Abin da Stevens ta gano shi ne mai sa alamar: C1q da C3 na manne wa mahaɗan da ba a yawan amfani da su, sai wasu ƙwayoyi da ake kira mikirogiliya, ƴan sharar ƙwaƙwalwa, su bi su haɗiye. Ɓerayen da aka hana su C1q sun girma da cunkoson mahaɗai marasa tsari, wasu ma da farfaɗiya.

Wato ragewar lafiya ce. Matsala na zuwa ne idan mai ragewa ya wuce gona da iri, ko ya dawo gonar a lokacin da ba nasa ba.

Me ya sa sai a kan ganiyar samartaka?

Kusan kowace unguwa a Maraɗi ko Damagaram ta san irin wannan labari. Yaro mai hankali, yana lakkol ko yana koyon sana'a, ya kai shekara 18 ko 22, sai ya fara janye jiki daga mutane, ya daina wanka, ya ce ana binsa ko yana jin ana yi masa magana. Dangi su ce jinnu ne, ko sammu, ko ƙwaya ya sha. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 20 ne ke da sikizofireniya a duniya, kuma fiye da biyu cikin uku na masu irin wannan rikicewar tunani ba sa samun kulawar ƙwararru. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne lokacin. Me ya sa cutar ke jira har yaro ya zama mutum?

A farkon shekarun 1980 wani likita, Irwin Feinberg, ya kawo hasashen cewa laifin na aikin ragewa ne. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, inda tsara tunani da auna abin da za a yi suke, shi ne na ƙarshe da ake wa ragewa, daga balaga har zuwa shekara ashirin da ƴan kai. Idan aka rage fiye da kima a wannan lokaci, sai tunani ya warware. Hasashen ya zauna shekara 30 ba ƙwaƙƙwarar hujja.

Hujjar ta ɓullo ta wata hanya. A 2014 wata gamayyar masana ta duniya ta kwatanta ƙwayoyin gado na masu cutar kusan 37,000 da na masu lafiya sama da 113,000, ta samu wurare 108 da ke da alaƙa da ita. Alama mafi ƙarfi ta fito ne daga wani yanki na kuromozom na 6 da aka san shi da harkar garkuwar jiki, wuri mai cunkoso da ba wanda ya iya cewa ga takamaiman mai laifi a ciki. A Janairun 2016 Aswin Sekar da Steven McCarroll na Harvard, tare da Stevens da Michael Carroll, suka wallafa a mujallar Nature cewa babban kaso na wannan alama daga ƙwayar gadon C4 yake. Mutane ba su yi daidai a C4 ba: wani na da kwafi biyu, wani huɗu, wani fiye, kuma iri biyu ne, C4A da C4B. Da suka duba bayanan mutum kusan 65,000 da ƙwaƙwalen mamata kimanin 700, sai suka ga cewa gwargwadon yawan C4A da ƙwaƙwalwar mutum ke sarrafawa, gwargwadon ƙaruwar haɗarin cutar. A 2021 aka sa wa ɓeraye C4A na ɗan Adam da yawa, mahaɗansu suka ragu, ƴan shara suka ƙara ci, mu'amalarsu da ƴan uwansu ta canza.

Jaridun Amurka sun yi ta shelar an gano tushen hauka. Sun yi azarɓaɓi. Nau'in C4 mafi haɗari yana ƙara yiwuwar kamuwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai a kan mafi sauƙi. Idan a cikin mutum 400 huɗu ne za su kamu, to a cikin masu wannan nau'i biyar ne. Sauran 395 za su rayu su mutu ba su san suna ɗauke da shi ba. Don haka duk wanda ya tallata muku gwajin jini na gane ko ɗanku zai taɓu, kuɗinku yake so. Darajar binciken tana wani wuri: a karon farko an samu zare ɗaya da ya haɗa gado, da wani aiki da ake iya gani a ƙwaƙwalwa, da shekarun da cutar ke bayyana. Magungunan da ake ba masu cutar a yau, tun daga kulorfuromazin da likitocin asibitin Sainte-Anne na Paris suka fara amfani da shi a 1952, suna kwantar da muryoyi da ruɗu ne bayan abin ya riga ya faru. Zancen C4 na nuni da wani abu da ke faruwa kafin nan.

Akwai ƙarin da ya fi ba ni sha'awa. A 2020 ƙungiyar McCarroll ta sake wallafa cewa nau'o'in C4 da ke ƙara haɗarin sikizofireniya su ne kuma ke rage haɗarin lufus, cutar da garkuwa ke cin fata da gaɓɓai da ƙoda. Mai C4 da yawa ya fi tsira daga lufus, mai kaɗan ya fi tsira daga taɓin hankali. Sun kuma iske cewa tsakanin shekara 20 zuwa 50 maza sun fi mata yawan C4 a jini da ruwan ƙwaƙwalwa, abin da ya yi daidai da sanannen lamari: lufus ta fi kama mata ninki tara, sikizofireniya kuwa ta fi saurin kama maza da tsananta musu. Jiki ciniki yake yi, abin da ya samu a nan ya biya a can.

Ga ƴan uwa da ke waje

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe komai rubutacce ne a jini. Ko tagwayen da gadonsu ɗaya ne sak, idan ɗaya ya kamu, sau da yawa ɗayan na nan lafiya. Kuma akwai wata ƙididdiga da ta shafi masu karanta mu daga Turai kai tsaye. Wani babban bincike da aka yi a biranen Ingila uku, ciki har da Landan, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa baƙaƙen fata ƴan asalin Afirka da ke zaune can na kamuwa da sikizofireniya ninki biyar ko fiye a kan Turawan ƙasar, ƴan asalin Karibiyan ma sun fi haka. Amma binciken da aka yi a tsibiran Karibiyan ɗin kansu bai ga irin wannan yawa ba. Jini bai canza a jirgi ba. Abin da ya canza shi ne kaɗaici, da wariya, da zaman ɗar-ɗar na rashin takardu, da rabuwa da dangi. An kuma tabbatar cewa yawan shan wiwi mai ƙarfi tun ana ƙanana na ƙara haɗarin.

A nawa ganin, binciken C4 ƙara wa wannan magana nauyi yake yi. Idan ƙwaƙwalwa na tsakiyar gyaran kanta har shekara 25, to yaron da ya bar Kance ko Tawa yana ɗan 17, ya ratsa Agadas da Libiya, ya ga abin da ya gani, ya yi wannan tafiya ne da ƙwaƙwalwar da ba a gama gininta ba. Idan abokin ɗakinku ya fara magana shi kaɗai ko ya daina barci kwana da kwanaki, kai shi ga likita da wuri na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna kyautata makomar mai cutar. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Ɗaure mutum da mari na watanni kuwa cin lokacin da ya fi kowane tsada ne.

Ɓangaren tsofaffi

A cutar Alzheimer zargin ya ɗan bambanta: aikin ragewa da ya kamata ya lafa bayan ƙuruciya shi ke farkawa a tsufa. Tun 2009 masana a cibiyar Pasteur ta Lille a Faransa suka gano cewa ƙwayoyin gado biyu masu alaƙa da sinadaran ciko, CR1 da CLU, na cikin masu ƙara haɗarin cutar. A Maris ɗin 2016 Soyon Hong da Stevens suka nuna a mujallar Science cewa a ɓerayen da aka ƙera su yi irin cutar, C1q na taruwa a mahaɗai tun kafin dattin furotin da aka san cutar da shi ya fara dunƙulewa, kuma toshe C1q ya ceci mahaɗan. Wannan na da muhimmanci domin an daɗe da sanin cewa asarar mahaɗai ta fi yawan dattin tafiya daidai da tsananin mantuwa.

Sai dai an warkar da ɓeraye daga Alzheimer sau ba adadi, mutum ko ɗaya ba a warkar ba. A Nuwamban 2024 kamfanin Alector ya sanar cewa maganinsa da ke zaburar da wani furotin na ƴan sharar ƙwaƙwalwa, TREM2, bai rage saurin lalacewar tunanin majinyata ba. Haka aka yi da minosaikilin, wani tsohon maganin ƙwayoyin cuta mai araha da aka ga yana rage haɗamar mikirogiliya a ɗakin bincike: an gwada shi a Birtaniya a kan masu sikizofireniya, aka gwada a kan masu Alzheimer, duka biyun bai amfana ba. Na ambaci sunansa ne da gangan, domin irin labarin da ke yawo a WhatsApp rabi da rabi ne, mai tallan magani a bisa tire kuma ba ya tambayar takardar likita.

Shi kansa nasarar Annexon a Guillain-Barré, jijiyoyin wajen ƙwaƙwalwa ta shafa, cuta ce ta ƴan makonni, ƙarin ruwa ɗaya ya wadatar. Kare ƙwaƙwalwar saurayi ko ta tsoho na nufin danne garkuwa na watanni ko shekaru. A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Boston.

Inda sanƙarau ya shigo

Ƙwayar cutar sanƙarau, meningokok, na zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Idan ta kutsa cikin jini, babban abin da ke kashe ta shi ne masu hudar nan na ƙarshen layi, C5 zuwa C9. Likitoci sun san haka ne daga mutanen da aka haifa da rashin ɗaya daga cikinsu: lafiyarsu ƙalau ta kowace fuska, illa sanƙarau na kama su sau biyu, sau uku. An rubuta irin waɗannan iyalai da dama a yankin Kef na Afirka ta Kudu, masu rashin C6.

An kuma gani a magani. Ekulizumab, wanda ake sayarwa da sunan Soliris, na toshe C5. Amurka ta amince da shi a 2007 don wata cutar jini, sannan a 2019 don wata cutar da garkuwa ke cin jijiyar ido da lakar baya, inda ya rage dawowar ciwon ƙwarai. Amma a 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC ta yi gargaɗin cewa masu shansa na fuskantar haɗarin sanƙarau ninki 1,000 zuwa 2,000 a kan sauran jama'a. Daga 2008 zuwa 2016 ta ƙirga mutum 16 da suka kamu, 14 daga cikinsu an yi musu rigakafi aƙalla sau ɗaya. Wannan fa a ƙasar da sanƙarau ya zama abin nema ke nan.

Yanzu a ɗauko wannan lissafi a kawo shi nan. Nijar na tsakiyar zirin sanƙarau da likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama mutum kimanin 250,000 a nahiyar, ta kashe kusan 25,000. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ya karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya taso: a 2015 ya kwantar da mutum kusan 8,500 a ƙasar nan, sama da 570 suka rasu, Yamai na cikin inda abin ya fi ƙamari. A ƙarshen 2022 ya sake ɓulla a jahar Damagaram. Sabon rigakafin Men5CV, mai kare nau'o'i biyar, A da C da W da Y da X, Najeriya ce ta fara amfani da shi a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar. Ci gaba ne na gaske. Amma rigakafi koya wa jiki gane abokin gaba yake yi, kisan kuwa sinadaran ciko ke yi. Idan an ɗaure hannun mai kisan, ganewar ba ta isa ba, kuma abin da alƙaluman CDC suka nuna ke nan.

Masu maganin C1q na da amsa, kuma amsar tana da ma'ana. Sun ce su farkon layi suke toshewa, kuma jiki na da wasu hanyoyi biyu na tayar da C3 da masu huda ba tare da C1q ba, don haka kariya daga ƙwayoyin cuta ba ta rushe gaba ɗaya. Sai dai mutanen da aka haifa ba su da C1q kwata-kwata, kusan tara cikin goma na kamuwa da lufus, da yawansu kuma na fama da cututtuka masu tsanani tun suna yara, har da sanƙarau. Toshewar kwana kaɗan daban, ta shekaru daban. Kuma gwajin da aka yi a Daka ko Manila ba zai faɗa mana abin da zai faru da mai shan maganin a Mirriya a watan Maris ba, lokacin da ƙura da busasshiyar iska suka farfasa hanci da maƙogwaro, mutum goma na kwana a ɗaki ɗaya.

Jinin wa aka auna, wa zai saya?

Yana da kyau a san dalilin da ya kai gwajin Bangaladash. Cutar ta yi yawa a can, wannan gaskiya ne. Amma kuma maganin da aka saba bayarwa a Turai, wanda ake tacewa daga jinin dubban masu bayarwa, ya fi ƙarfin aljihun galibin majinyatan ƙasar. A Faransa ba za a yarda a bar rabin majinyata ba magani don a kwatanta ba, tunda magani na nan. Inda talauci ya riga ya hana shi, kwatancen ya halatta. Kasuwar da ake hari kuwa Amurka ce da Turai. Soliris ya yi shekaru ana sayar da shi kusan dalar Amurka 500,000 a shekara ga mutum ɗaya, wajen miliyan 300 na sefa ke nan. Lekanemab, sabon maganin Alzheimer da Amurka ta amince da shi a 2023, an sa masa farashin dalar Amurka 26,500 a shekara, wajen miliyan 15 na kuɗinmu, ban da hoton ƙwaƙwalwa da ake maimaitawa don sa ido a kan kumburi da zubar jini.

Ta ɓangaren gado ma haka abin yake. Galibin mutanen da aka auna a manyan binciken 2014 da 2016 ƴan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado, kuma abin da aka gani a Bature ba lallai ya zauna daidai a kanmu ba. Nau'in TREM2 da aka gano a Aisland a 2013 yana ninka haɗarin Alzheimer kusan sau uku, da wuya a same shi a baƙar fata. Binciken da aka shafe shekaru ana yi tun farkon shekarun 1990 tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ya iske tsofaffin Yarbawa na kamuwa da cutar ƙasa da baƙaƙen Amurka sosai. Wani abin lura kuma: a aikin 2020 kan C4 da lufus, bayanan baƙaƙen Amurka ne suka taimaka aka rarrabe tasirin C4 daga na maƙwabtansa a kuromozom na 6, domin a jinin Turawa sun cika tafiya tare ba a iya raba su. Wato ilmin kansa na buƙatar jininmu. An fara gyara: shirin NeuroGAP ya tattara samfurin dubban mutane a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu don nazarin taɓin hankali. Babu ƙasar Sahel ko ɗaya a cikin huɗun nan.

Nijar ba ta da kuɗin shiga tseren ƙera waɗannan magunguna, amma tana da abin da masu tseren ba su da shi. Cibiyar CERMES ta Yamai ta shafe shekaru tana karɓar ruwan ƙashin bayan masu sanƙarau daga sassan ƙasar tana tantance nau'in ƙwayar. Tambayar da ta fi dacewa da mu, wato mutum nawa ne cikin waɗanda sanƙarau ya kama fiye da sau ɗaya ke da raunin sinadaran ciko, da yadda nau'o'in C4 suka rarrabu tsakanin Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari, tambaya ce da ɗaliban likitanci na jami'ar Abdou Moumouni za su iya ɗauka idan an samu haɗin gwiwa, da sharaɗin samfurin da sakamakon su zama namu. Kafin nan, abin da iyalin mai taɓin hankali ke buƙata a bana ya fi wannan sauƙi: haloferidol da kulorfuromazin na cikin jerin magungunan dole na OMS, masu araha ne, kuma ma'aikacin jinya da aka horar zai iya fara kula da mai cutar a asibitin gunduma ba sai an kwaso shi zuwa Pavillon E na babban asibitin Yamai ba. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, miliyoyin yara ne ke shirin shiga shekarun da cutar ke bayyana.

Akwai kuma waɗanda zancen ya riga ya iso ƙofarsu. Magungunan toshe C5, Soliris da ƙaninsa Ultomiris, ana ba da su yau a asibitocin Faransa da Beljiyam da Amurka da Saudiyya ga masu wasu cututtukan jini da ƙoda da jijiya, kuma ɗan ci-rani na iya kasancewa cikinsu. Wanda ke kan irin wannan magani, idan zai zo gida tsakanin Janairu da Yuni, ya gaya wa likitansa ƙarara cewa zirin sanƙarau zai shiga, ya tambayi rigakafi da maganin kariya da zai riƙa sha, ya riƙe katin gargaɗin da ake ba masu maganin a aljihunsa. Idan zazzaɓi ko ciwon kai ya kama shi a Tasawa ko Birnin Ƙonni, asibiti zai nufa a wannan sa'ar, ya nuna katin, ko da wuyansa bai sanƙare ba.